Ku Tambayi Mai Shago: Bugun Riga, Zafin Inji da Bashin 'Yan Siyasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na taɓo maganar bugun riguna a fitowar da ta wuce wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo, wani ma ƙarfe ɗayan dare zai turo maka hoton riga ya ce Oga duba min me ya same ta, kamar dai likita. To na tsinto waɗanda suka fi maimaituwa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon. Tambayoyin na bar su yadda aka rubuto, sunaye kawai na cire.

Tambaya: Salam Oga, ni matashi ne daga Kofar Kaura nan cikin Katsina, na gama bautar kasa na dan tara wani abu daga alawi kuma babanmu yace zai kara min, inaso in sayi injin DTF in bude shago tunda naga shi ake yayi yanzu. Wanne zaka bani shawara in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Shawarata ba za ta yi maka daɗi ba amma ita ce gaskiya, kada ka sayi injin DTF yanzu, wato mai buga zane a kan fim na leda a manna a riga. Ka sayi injin gasawa, wanda yaran shago ke cewa hit fires, mai danna zane a jikin riga da zafi, mai faɗin santimita 38 kowane gefe, ka nemi kwamfuta ko da ta hannu ce wadda za ta ɗauki manhajar zane ta CorelDRAW, sauran kuɗin ka riƙe su a matsayin jarin sayen riguna. Fim ɗin DTF kuma ka riƙa turawa masu babban inji suna buga maka, a nan gari akwai masu yi, in aikin da yawa ka tura Kano a sako maka a motar tasha, ai da mita ake sayarwa ko da girman takardar A3 da A4, kai naka kawai ka jera zanenka ya cika fim ɗin kada ka bar fili, ka yanka, ka manna.

Bari in gaya maka dalili. DTF ɗin nan yadda yake aiki, inji yana buga zanen a kan wata leda mai kauri, ya fara zuba kaloli sannan ya bi bayansu da farar tawada, tun tana da danshi a barbaɗa mata garin gam, a gasa garin ya narke, shi ne sai ka ɗora a riga ka danna da zafi. Abin sha'awa ne ƙwarai, yana kama auduga yana kama yadin roba, baƙar riga da fara duk ɗaya ne a wurinsa, kuma hoton mutum ma yana fita ras. Amma farar tawadar nan ita ce masifar. Tana da wani sinadari mai nauyi da yake kwantawa ƙasa kamar ƙullun koko in an ajiye shi, in inji ya kwana biyu uku bai yi aiki ba sai ta toshe kan da ke fesa tawadar, kan nan kuwa shi ne zuciyar injin, kuɗinsa ba wasa ba. Ka haɗa da garinmu, hunturu ya shigo iska ta bushe ƙamas ga ƙura, alhali injin yana son ɗaki mai ɗan danshi, wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, sai ka ga kullum da safe kana wankin kan injin kana zubar da tawada a banza kafin ka buga ko riga ɗaya. Mai babban shago yana jure wannan saboda injinsa ba ya tsayawa. Kai da za ka fara, wata ran sati zai wuce ba ka samu aikin riga 20 ba, injin zai zauna yana cin ka.

Na ga yara da yawa sun sayi ƙaramar firintar nan Epson L1800 da aka juya ta koma DTF, asalinta ta buga hotuna ce a takarda, tana yi ba wai ba ta yi ba, amma tana da nawa kuma tana son lallashi kamar amarya. In ba ka da hannun gyara za ka sha wuya.

Kuma ka sani ba DTF kaɗai ne bugu ba. Akwai sikirin, tsohon hannu, wanda ake shimfiɗa raga a firam a ja tawada da roba, shi ne sarkin aiki mai yawa. Akwai files, ledar da ake yankawa da na'ura a cire ragowar da ɗan tsinke a manna, ita ce ta suna da lamba a bayan jesi. Akwai kuma sabilimeshan wanda tawadarsa ke zama hayaƙi ta shige cikin zaren. Uku daga cikin huɗun nan duk injin gasawa suke buƙata, sikirin ɗin ma za ka iya ƙarasa gasa shi da shi, ka ga ke nan da inji ɗaya ka shiga kasuwa huɗu. Ka je ka zauna a shagon wani ko wata uku ne, ka share, ka yanka, ka ƙona 'yan yatsu, ka ga yadda ake magana da kwastoma. Ranar da kuɗin da kake biyan masu buga maka fim a wata ya fi abin da injin zai ci maka, to ranar ka dawo mu yi maganar wanne za ka saya.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni mace ce ina Daura, ina yan dinke dinke a gida sai wata Islamiyya suka bani aikin sa tambari a hijabai da rigunan yara na walimar sauka. Na sayo sitikar na manna da dutsen guga yayi kyau sosai, amma wanki daya duk ya fara dagowa ta gefe, yanzu kunya ta hanani bi ta layin makarantar. Ina kuskuren yake?

Amsa: Hajiya sannu, wannan kunyar duk mai sana'ar nan ya taɓa shan ta, ki daina ɓuya. Kuskuren yana wurin dutsen gugar. Mannawa abu uku take so a lokaci guda, zafi daidai, nauyi daidai, lokaci daidai. Fim ɗin DTF da files yawanci suna son zafi wajen digiri 150 zuwa 160, na daƙiƙa 10 zuwa 15, da dannawa mai ƙarfi wadda ta game ko'ina. Dutsen guga kuwa tsakiyarsa zafi bakinsa sanyi, ga ramukan tururi a ƙasansa, ke kuma kina goga shi gaba da baya kamar mai gugar kallabi, to gam ɗin ya narke a wani wuri bai narke a wani ba. A ido ya kama, amma bai shiga cikin zaren ba, shi ya sa da ya ji ruwa da omo ya ce ga garinku nan.

In har za ki ci gaba da karɓar irin wannan aikin ki nemi injin gasawa, ko ki kai wurin mai shi ki biya kuɗin dannawa, ba shi da yawa. Ga yadda nake yi a shago. Ina fara danna rigar ita kaɗai na daƙiƙa 5, za ki ga ɗan tururi ya tashi, wannan danshin ne da ke cikin yadin kuma shi ne babban maƙiyin gam, musamman da damina. Sai in ɗora zanen in rufe da takardar gashi mai jure zafi in danna. In na ɗaga, ina duba irin fim ɗin, akwai wanda ake ɓarewa da zafinsa akwai wanda sai ya huce sarai, ki tambayi wanda ya sayar miki, don in kika ɓare na sanyi da zafi rabin zanen zai biyo ledar. Bayan na ɓare sai in sake rufewa in ƙara dannawa na daƙiƙa 5 zuwa 10, wannan na biyun shi ne mutane ke tsallakewa don sauri, alhali shi ke kwantar da zanen har ki ga saƙar yadin ta ɗan fito a jikinsa. In kin ga haka to ya kama. Kuma ki kula da ɗinki da maɓalli, in wuyan riga ko kabu ya shiga ƙarƙashin farantin injin zai ɗage shi, nauyin ya tafi kan kabun maimakon kan zanen.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa sababbi, shi kansa injin yana ƙarya. Allon zai nuna miki 160 amma in wuta ta yi ƙasa ko kin danna riguna goma a jere ba hutu, farantin ya sauka bai gama dawowa ba. Injin nan yana jan wuta wajen wat 1,400 zuwa 1,800, ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa mai da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba sam, kada ma a wahalar da shi.

Kafin ki miƙa kowane aiki ki ɗauki guda ɗaya ki ja zanen da hannu biyu, in ya tsage ko ya ɗago akwai gyara, sannan ki bar shi ya kwana ki wanke shi da hannu wankin mugunta. Game da na Islamiyyar, ki je da kanki ki samu shugaban makarantar, ki ce a tattaro miki, waɗanda ba su yage ba sau da yawa in aka sake danna su da inji suna komawa su zauna. Ki kuma yi hattara da hijaban, yawancinsu yadin roba ne, zafi ya yi yawa zai bar musu shatin faranti mai ƙyalli wanda ba ya gogewa, ki gwada a can ƙasan gefe tukuna.

Tambaya: Yaya muna da kulob din kwallo a unguwarmu wajen Kofar Marusa, mun kai jajayen jesi aka sa mana farar lamba, bayan kwana uku lambar ta koma ruwan hoda, yan adawa sai tsokanarmu suke. Mai shagon yace wai wanki ne, alhali ko sawa bamuyi ba.

Amsa: Ƙanena ba wanki ba ne, kuma ba asiri ba ne. Jesi yadin roba ne, rinin da ke cikinsa in ya ji zafi sosai yana tashi ya zama hayaƙi ya haura cikin abin da aka manna a kai, fari kuwa ba ya ɓoye komai. Abin haushin ba ya nunawa nan take, sai an kwana biyu ko sati. Ja, ruwan goro mai duhu da shuɗi mai duhu su suka fi yin haka, jesin da aka yi wa zane tun daga kamfani da sabilimeshan ya ma fi kowa. Maganinsa mai shago ya rage zafi zuwa wajen 130 ko 140 da irin files ɗin da aka yi don ƙaramin zafi, ko ya sayi mai baƙin shafi a bayansa wanda ke tare rinin, ana sayar da shi, ya ɗan fi tsada ne kawai shi ya sa ake gudunsa. Wanda ya riga ya rine ba ya komawa fari, sai dai a rufe shi da sabuwar lamba mai tare rini. Ku koma masa da lalama ku raba asarar, ƙila shi ma bai sani ba. Ku kuma ku ci wasa, in kuna cin ƙwallo ba mai kallon kalar lamba.

Tambaya: Oga ina da shago karami wajen hanyar jami'ar Umaru Musa Yar'adua, dalibai suna kawo aiki sosai musamman lokacin da yan ajin karshe zasu fita, amma karshen wata sai inga ba kudi. Kuma ban san yaushe ya kamata inyi sikirin yaushe zanyi DTF ba. Yaya kuke yanka farashi?

Amsa: Abokina ciwonka na gane shi, kana yanka farashi da kunne ne, abin da ka ji maƙwabcinka ya faɗa shi kake faɗa ko ka rage ɗari biyu don ka ƙwace kwastoma, shi ma kuma wani ya ji. Haka duk layi za ku taru kuna aikin banza kuna gumi.

Ka ɗauki biro. Riga nawa ka saro ta, har da kuɗin motar da ta kawo ta daga Kantin Kwari ko daga Aba ko Legas. Fim ko tawada nawa ta ci. Man janareto nawa ka ƙona a awar da ka yi kana aikin, wannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina zama ƙaramin abu, amma har yau akwai masu lissafi da tsohon kai. Ledar sakawa, kuɗin yaron shago, data, hayar shago ka raba ta kwana-kwana. Sai lalacewa, a duk riga 50 ka ɗauka ɗaya ko biyu za su ƙone ko su karkace, wa zai biya su in ba ka sa a lissafi ba? Sannan lokacin da ka ɓata kana zane, wanda mu nan mun mayar da shi kyauta, ɗalibi zai zauna kusa da kai awa biyu yana cewa ƙara girman nan, mayar da shi shuɗi, a'a dawo da na farko. Ka sa masa kuɗi, ko ka ce gyara biyu kyauta na uku da kuɗi, za ka ga yadda mutane ke saurin yanke shawara. Bayan duk wannan ne riba take hawa.

Maganar sikirin da DTF kuwa lissafi ne mai sauƙi. Sikirin kowace kala firam ɗinta daban, sai ka shafa wa ragar maganin haske a ɗaki mai duhu, ta bushe, ka ɗora zanen ka haska da fitila ko ka fita da ita rana, ka wanke, ka daidaita, wahalar duk a farko take, da ka gama shiri riga ta ɗari da ta farko kusan kuɗin tawada kawai suke ci. DTF ba shiri, amma kowace riga kuɗin fim ɗinta yana nan ba ragi. Bari in ba ka misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane, kai ka sa farashin yau. A ce haɗa firam ɗaya yana cin 6,000, tawadar kala ɗaya a riga 150, fim ɗin DTF na wannan zanen kuma 900. Bambancin 750 ne a kowace riga, ke nan daga riga 8 sikirin ya biya kansa, abin da ya haura riba ce. In kala biyu ce, shiri 12,000 tawada 300, sai ka kai riga 20. In kala huɗu ce sai riga 80. Ka ga ke nan tambarin makarantar firamare mai kala ɗaya guda 300 wanda ya yi shi da DTF ya zalunci aljihunsa, haka rigar 'yan ajin ƙarshe guda 15 kowa da sunansa da inkiyarsa da hotonsa wanda ya ce zai yi sikirin ya nemi hauka.

In za ka yi sikirin ka san tawadarka. Mai ruwa tana da laushi a jiki amma da hunturu tana bushewa a kan ragar tun kana waya, sai ka yi sauri ko ka sa mata maganin jinkirta bushewa. Ta roba, filastisol, ba ta bushewa da iska ko za ta shekara, sai ta ji zafi wajen digiri 160 har cikinta, shanya ta a rana ba ya gasa ta ko da ranar watan Afrilu ce ta Katsina.

Tambaya: Baba don Allah a bani shawara, wani na kusa da wani dan takara yazo yace in buga riguna da hulunan hana sallah masu yawa, yace in fara da kudina in an kawo kaya za'a biya gaba daya harda kari. Aikin zai iya canza min rayuwa amma gabana yana faduwa.

Amsa: Ɗana gabanka ya fi ka hankali, ka saurare shi. Bari in ba ka nawa labarin. Lokacin zaɓen fidda gwani na 2022 wani ya zo min da mota mai baƙin gilashi, ya ce riga 500 da hoton mai gidansa, ya ajiye ɗan abin da bai kai kuɗin riga 100 ba ya ce ciko ranar Juma'a in sha Allah. Na je na karɓo riguna bashi a wurin mutumin da muka shekara goma muna mutunci, muka kwana uku ba barci ni da yara. Ranar Alhamis aka yi zaɓen mai gidan nasa ya sha ƙasa. Daga ranar wayar ta koma a kashe. Rigar da aka buga wa fuskar wanda ya faɗi wa za ka sayar wa? Ko kyauta mutane suna zaɓe. Har yau akwai ragowarsu a bayan shago, da su muke goge firam, kullum ina kallon fuskar bawan Allahn nan cikin baƙar tawada yana murmushi. Wata bakwai na yi ina biyan bashin.

To ƙa'idata tun daga nan, kuma ba ɗan siyasa kaɗai ba har mai biki da shugaban makaranta, kafin alƙalami sai ya rufe kuɗin riguna da kayan bugu gaba ɗaya, abin da zai rage a hannunsu ladan aikina ne kawai, shi ma a cika kafin kaya su bar shago. A wurina hakan yana kamawa wajen kashi 70 cikin ɗari. In babban aiki ne ka raba shi, a biya na 200 ka buga ka miƙa, a biya na gaba. Ka rubuta rasit, adadi, kala, girma, ranar karɓa, ya sa hannu. Kuma ka tambayi kanka mutum nawa ne tsakaninka da mai kuɗin, don sau da yawa shi ɗan takarar ya biya tuni, kuɗin sun maƙale a hannun na tsakiya, kowa ya gutsuri nasa. Wanda ya ce maka ai Honorabul ba ya cin haƙƙin kowa, ka ce masa alhamdu lillahi, to ya fara da naka. In ya yi fushi ya tafi ka bar shi, wanda zai biya ba ya jin haushin adibas.

Amma kai ma fa in ka karɓi kuɗin mutane ka cika alkawari, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rigar taro in ta zo bayan an watse tsumma ce.

Tambaya: Malam meyasa in kwastoma ya turo hoto ta WhatsApp yana kyau a waya amma in na buga sai ya fito dishi dishi? Sannan haruffan Hausa masu lankwasa suna bani wahala, sai su koma akwati.

Amsa: WhatsApp yana matse hoto ne don ya rage cin data, a fuskar waya ba za ka gane ba, sai ka ja shi ya kai faɗin ƙirjin riga sannan asiri ya tonu. Ka ce a turo maka a matsayin dokumen ba hoto ba, kuma asalin fayil ɗin, ba wanda aka ɗauko daga sitatus ɗin wani ko Facebook ba. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga shi. In tambari ne ko rubutu kada ka wahalar da kanka, sake zana shi a CorelDRAW da layi, shi wannan ko bango za ka ja shi ba ya fashewa, ka caji kuɗin zanen. Na DTF kuma ka tabbata ka cire bayan hoton tas, in ka bar farin fili inji zai buga maka shi fari ƙal, ka manna wa mutum allo a ƙirji yana tafe yana zufa.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ne ke da su ba, musamman na ƙwalisar nan da yara ke saukowa daga intanet. Noto Sans yana da su, Arial na kwamfutocin yanzu ma yana da su. In dole sai na ƙwalisar, ka rubuta k ko d ɗin ka mayar da shi zane ka ɗora masa ƙugiyar da hannu. Kuma kafin ka tura wa mai inji ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q a CorelDRAW ya zama zane, don in ba shi da irin salonka kwamfutarsa za ta musanya da wani. Kada ka ce ai ba komai a bar ƙugiyar, na taɓa ganin rigunan masu tarbar jama'a a wani biki an rubuta masu kula da manyan baki, ana nufin baƙi, aka wuni ana dariya. Rubutun Larabci ya fi wannan haɗari, wani lokacin manhajar tana rarraba haruffan ko ta juya su ta hagu, in ba ka iya karantawa ba ka nuna wa wanda ya iya. Files da sabilimeshan kuma a juye ake fitar da su kamar a madubi, kowa ya taɓa mantawa sau ɗaya. Ni dai ko wane aiki sai na tura wa mai shi hoton ƙarshe ya rubuto min da hannunsa cewa ya gani ya yarda, in suna ya fito ba daidai ba bayan nan, ga saƙonsa.

Tambaya: Yallabai wasu suna kawo aikin a buga musu aya a gaban riga, ya halatta in karba?

Amsa: Ni ba malami ba ne, hukunci ka tambayi malaman unguwarku. Amma abin da nake yi a shagona, ba na buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a rigar sawa, saboda riga ana shiga bayi da ita, ana jefa ta cikin wanki, in ta tsufa ta zama tsumma. Ina ba su shawara a sa sunan makaranta da shekarar sauka a rigar, ayar kuma a yi ta a allon bango ko firam. Har yau ban ga wanda ya ƙi ba in aka yi masa bayani cikin girmamawa.

Tambaya: Kawu na sayi firintar sabilimeshan, na buga a bakar riga ta auduga ko alama bai fito ba. Kuma wani yana so in sa masa tambarin kungiyarsu a aljihun shadda na hawan sallah, zai yiwu?

Amsa: Ɗan Kawu ba a yi maka bayani ba kafin a karɓi kuɗinka. Sabilimeshan rini ne, ba shi da farar tawada, kuma zaren roba kaɗai yake kamawa, don haka yadin ya zama fari ko mai haske kuma robarsa ta kai ko da kashi 65 cikin ɗari, a zafi wajen digiri 190 zuwa 200 na kusan minti ɗaya. A auduga wanki ɗaya zai tafi, a baƙi kuwa kamar ka yi rubutu da gawayi a gindin tukunya ne. Firintar ba ta zama asara ba, ka nemi aikin fararen jesi, kofuna da farantan biki masu shafin da aka yi don haka, da 'yan maƙullan rabo na amare, akwai kasuwa.

Shadda kuma ni ba na taɓa ta. Tana da sitati da ƙyallin bugu a samanta, gam ɗin zai kama sitatin ne ba zaren ba, ranar da aka kai ta wanki su tafi tare, ga shi faranti yana iya kashe mata ƙyalli ya bar tabo mai kusurwa huɗu a ƙirjin mutum ranar sallah. Ka tura shi wurin masu aikin zare na kwamfuta su ɗinka masa tambarin, in kuma ya nace sai bugu, ya karɓo ƙyallen da ya rage a wurin telansa ku gwada a kai tukuna, ku wanke, ku gani da idonku.